Taragu shida, fitilu casa'in: yadda aka daidaita wutar DCC da ta ƙi zama

Shimfiɗar da ake magana a kai ta ƙaramin samfurin layin dogo ce mai sikelin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman jirgin gaske, tazarar dogo da dogo milimita 16.5. Tana aiki da tsarin DCC, wato aika wuta da saƙon umarni tare ta cikin dogo, wanda asalinsa daga kamfanin Lenz na Jamus ya fito, sannan ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ma'auni na bai ɗaya a farkon shekarun 1990. Busta guda, wato na'urar da ke zuba wuta a dogo, ce ke ciyar da layin, tana iya bayar da amfiya 3, kuma ƙarfin wutar kan dogo bolt 15 ne. A kan shimfiɗar akwai wuraren canjin layi masu zuciyar roba (wurin da dogo biyu ke gittawa na roba ne, ba ya ɗauke da wuta), da zoben juyawa ɗaya, inda jirgi ke zagayawa ya dawo kan layin da ya fito, mai tsawon mita 1.5, da hawa mai gangaren kashi 2 cikin ɗari.

Mai shimfiɗar yana da taragun fasinja guda shida, samfurin taragun Turai masu tsawon mita 26.4, wanda a HO ya kama milimita 303 kowanne. Buƙatarsa ba ta da yawa: ya danna maɓalli a na'urar hannu fitilun ciki su kama, ya sake dannawa su mutu, taragon ƙarshe kuma ya sami jajayen fitilun wutsiya. Ya sa dikodan fitilu ɗaya a kowane tarago, wato ƙaramar na'urar da ke karɓar umarni daga dogo, irin wanda ba ya juya mota (injin da ke tafiyar da kan jirgi), ya manna tsirin LED na bolt 12 a ƙarƙashin rufi, ya rufe taragun. Daga nan matsaloli biyar suka fito ɗaya bayan ɗaya, kuma duk biyar ɗin dikoda ya ɗora wa laifi. Da aka bincika, babu ko ɗaya da ya lalace.

Abin da mita ta nuna

Kafin a taɓa komai an buɗe tarago ɗaya aka sa mita, na'urar auna wuta. A DCC wutar kan dogo ba ta tafiya gefe ɗaya. Tana juya fuska sau dubbai a daƙiƙa, kuma tsawon kowane juyi shi ne saƙon: rabin lambar 1 yana ɗaukar mikrosakan 58, rabin lambar 0 kuma mikrosakan 100 ko fiye. Dikoda yana shigar da wannan wuta ta jar waya daga dogon dama da baƙar waya daga na hagu, ya miƙar da ita ta gadar dayod huɗu (dayod yana barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai), ya fitar da ita a shuɗiyar waya. Gadar tana cin kusan bolt ɗaya da rabi, shi ya sa aka sami kimanin bolt 13.5 a shuɗiyar. Wannan waya ita ce fuska mai ƙari ta dukkan fitilu. Wayoyi fara, rawaya, koriya da shunayya su ne ƙofofin da dikoda ke buɗewa zuwa fuska mai ragi idan an danna maɓalli. Masu fara wannan aiki sukan ɗauka akasin haka ne, su juya LED, ta ƙi kamawa.

Tsirin da aka manna irin mai fitila 60 a mita ne, wanda ake yankawa kowane santimita 5. Kowane yanki fitilu uku ne a jere da rasisto, abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa, mai om 150. An sa yanki biyar a tarago, fitilu 15 ke nan, 90 a jirgin gaba ɗaya. Fitilu uku farare suna cin kusan bolt 9.3 idan suna ci sosai. A bolt 12 abin da ya rage wa rasisto shi ne 2.7, wanda ya ba da miliamfiya 18. A bolt 13.5 kuwa ragowar ta koma 4.2, jan wutar ya haura zuwa miliamfiya 28. Ƙarin bolt ɗaya da rabi kacal ya ƙara jan wuta da fiye da rabi. Yanki biyar sun ja 140, taragu shida 840, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da busta ke da shi, tun kan jirgi bai motsa ba.

Takardar dikodan ta ce kowace ƙofa miliamfiya 100 take ɗauka. Nan ne bayanin matsalar farko yake: fitilun tarago sukan mutu bayan ɗan lokaci, sai an ɗaga taragon an mayar su dawo. Kariyar cikin dikodan ce ke rufe ƙofar don kada taransisto ya ƙone. Mai shimfiɗar ya riga ya gwada rage haske ta lambar saiti, abin bai canja ba, kuma da ma ba zai canja ba. Dikoda ba ya rage ƙarfin wuta idan zai dusashe fitila, kunnawa da kashewa yake yi da sauri ta yadda ido ba ya gani. Duk lokacin da ƙofar take a buɗe, miliamfiya 140 ɗin nan ce ke wucewa cif.

Hasken kansa ma ya yi yawa. Bangon taragon na roba ne siriri, sai ga haske yana ratsa fenti, jikin tarago duka yana ƙyalli kamar an kunna masa wuta daga ciki. Taragon gaske da dare tagoginsa kawai ake gani, su ma a dushe.

Gyaran rasisto ɗaya ne mai om 1000, kwata na wat, a kan wayar da ta taso daga ƙofar dikoda zuwa tsirin. Idan wutar ta yi ƙasa haka, fitilu uku suna cin wajen bolt 8 ne, saura 5.5 a kan om 1000, jan wutar tarago duka ya zama ɗan sama da miliamfiya 5, kusan guda ɗaya ga kowane yanki. Zafin da rasiston ke fitarwa miliwat 30 ne, yatsa ba zai ji shi ba. Fitilun jirgin gaba ɗaya suka sauko daga 840 zuwa talatin da ɗoriya. LED ta zamani tana haske sosai a miliamfiya ɗaya, kuma a cikin ɗaki mai duhu ya wadatar. An shafa wa cikin bango da rufi baƙin fenti, da ya bushe aka bi rufin da fari don ya watsa haske. Manne na bayan tsirin ba abin dogaro ba ne, yakan saki bayan watanni, saboda haka an ɗiga gam a kowane ƙarshe da tsakiya.

Duk sauran gyaran da ya biyo baya ya yi sauƙi ne saboda wannan rasisto.

Ƙiftawa, da kafasito da ya hana busta tashi

Matsala ta biyu ita ce ƙiftawar fitilu a wurin canjin layi da duk inda dogo ya ɗan yi datti. Kan jirgi yana da nauyi, yana danna ƙafafunsa a kan dogo, kuma motarsa na da ƙarfin juyi da ke tsallakar da shi ƙaramin giɓi. Tarago ba shi da nauyi, LED kuma ba ta da zaren da zai riƙe zafi kamar ƙwan fitila na da. Wuta na yankewa take mutuwa.

Mai shimfiɗar ya san maganin kafasito ne, wato ƙaramin ma'ajin wuta, sai ya sa mai mikrofarad 1000 a kowane tarago. Bai ga bambanci ba, ya canja zuwa 2200. Lissafin yana nuna dalili. Lokacin da kafasito zai riƙe fitila shi ne girmansa sau yawan bolt ɗin da za a yarda ya sauka, a raba da jan wuta. Idan an yarda ya sauka da bolt 3 kafin ido ya ga dusashewa, mikrofarad 1000 a miliamfiya 140 yana riƙewa na milisakan 21 ne kawai. Mai 2200 ya kai 47. Tarago mai tafiya a hankali, santimita 10 a daƙiƙa, yana ɗaukar milisakan 200 kafin ya wuce mataccen wuri na santimita 2. Tulun ya yi ƙarami ga girman ɓular.

Sai kuma manyan kafasiton suka haifi matsala ta uku. Kafasito da babu komai a cikinsa, a lokacin da wuta ta fara shiga, tamkar an haɗa dogo biyu da waya ne. Shida masu 2200 sun tashi mikrofarad 13,200. Ko da busta ta zuba amfiya 3 ɗinta duka, sai ta yi kusan milisakan 60 kafin ta cika su zuwa bolt 13.5, kuma a duk tsawon wannan lokaci abin da take gani shi ne layin ya haɗe. Sai ta yanke, ta jira, ta sake gwadawa, ta sake yankewa. Da safe sai an cire taragu uku daga kan layi kafin shimfiɗar ta tashi. Haka kuma duk sanda wani kan jirgi ya shiga canjin layi da ba a buɗe masa ba ya haɗa wuta, ko an janye shi busta ba ta dawowa.

Akwai kuskure na biyu a wurin da aka ɗaura su. An haɗa su ne kai tsaye a kan tsirin, tsakanin shuɗiyar waya da ƙofar fitila. Ma'ana duk guguwar cikawar ta ƙaramin taransiston ƙofa take bi a duk lokacin da aka danna maɓalli, sannan dikodan kansa ba ya samun komai daga ajiyar, wuta na yankewa yake mantawa da abin da aka umarce shi. Wurin da ya dace shi ne tsakanin shuɗiyar waya da ɗigon dalma na fuska mai ragi a jikin dikodan, wanda galibi ake rubuta wa GND. A nan kafasito yana bayan gadar dayod, yana ciyar da ƙwaƙwalwar dikoda da fitilu tare, kuma ba ya taɓa saƙon da ke kan dogo. Kafasito irin wannan ba a taɓa ɗaura shi kai tsaye a kan jar waya da baƙa: wutar can tana juya fuska, zai yi zafi ya fashe.

An mayar da kowane tarago kan kusan mikrofarad 1000, amma a matsayin guda biyu masu 470 gefe da gefe, domin sirara biyu sun shiga ɗakin bayan gida na ƙarshen tarago inda tagar ke da farin gilashi, mai kauri ɗaya kuwa ya ƙi. Dukkansu masu jure bolt 25 ne. Masu bolt 16 sun fi ƙanƙanta, suna jan hankali, amma tazarar da ke tsakanin 13.5 da 16 ba ta da yawa, kuma ranar da aka kai taragon wata shimfiɗa mai bolt 18 a dogo sun wuce iyakarsu. Tsakanin shuɗiyar waya da ƙafar ƙari ta kafasito an sa rasisto mai om 100, rabin wat, aka ɗora dayod 1N4007 a gefensa, zoben dayod ɗin yana kallon shuɗiyar waya. Lokacin cikawa dayod a rufe yake, wuta ta rasisto take bi, ba za ta wuce miliamfiya 135 ba. Lokacin zubowa dayod ya buɗe, wuta ta fito ba tare da tsaiko ba, illa kusan bolt 0.7 da yake ci. Taragu shida tare suna jan miliamfiya 810 a farkon tashi, cikin rabin daƙiƙa kuma abin ya lafa. Busta ba ta ƙara yankewa ba.

Idan aka haɗa fitilu da abin da dikodan kansa ke ci aka ƙiyasta miliamfiya 10, ajiyar tana riƙewa kusan milisakan 300. Girman kafasito ɗaya ne da wanda aka fara gwadawa aka ce bai yi ba.

Ƙafafu

Kafasito yana rufe giɓi, amma ba ya maye gurbin ɗaukar wuta mai kyau, kuma a nan ne aikin ya fi cin lokaci. Kowane tarago yana da bogi biyu, wato ƙananan kujerun da ke riƙe ƙafafu suna juyawa a ƙarƙashinsa, kowanne da sanda biyu. Ƙafafun na ƙarfe ne, amma ɗaya daga cikin biyun da ke kan kowace sanda an raba ta da sandar da zoben roba. Sandar tana ɗauke da wutar dogo ɗaya ke nan. Tsarin da aka tarar shi ne wanda aka fi yi: bogin gaba sandunansa biyu suna ɗaukar dogon dama, na baya suna ɗaukar na hagu, da zaren tagulla ɗaya yana shafar sandunan biyu.

Raunin wannan tsari a tazara yake. Tsakanin sanda da sanda a bogi ɗaya kusan milimita 29 ne, wato mita 2.5 na gaske. Ƙafa biyun da ke ɗaukar gefe ɗaya suna kusa da juna ƙwarai, ɗaya na kan zuciyar roba ta canjin layi, ɗayar kuma ta ɗan ɗaga ko ta taka datti, shi ke nan gefen ya mutu. Tsakanin bogi da bogi kuwa milimita 218 ne. Sai aka juya sanda ɗaya a kowane bogi, ta yadda kowanne yana da sandar dama ɗaya da ta hagu ɗaya, aka ba kowace sanda zarenta daban, ba ya taɓa na ɗaya. Yawan ƙafafun da ke ɗaukar wuta bai ƙaru ba, biyu ne a kowane gefe, amma yanzu suna nesa da juna, da wuya su faɗa mataccen wuri a lokaci guda. Wayoyi sun zama huɗu maimakon biyu.

Wannan tsari yana da tarko. Wanda ya cire sanda don wankewa ya mayar da ita a juye ya haɗa dogo biyu ta cikin wayoyin tarago, kuma siririyar waya tana iya narkewa kafin busta ta lura. An ɗiga jan fenti a tsakiyar kowace ƙafa mai ɗaukar dama, da wani ɗigon a jikin bogi a gefen da ya kamata ta kasance. Bayan kowane haɗawa ana sa mita tsakanin jar waya da baƙa kafin tarago ya hau layi.

Ɗaukar wuta daga duka ƙafafu takwas ya fi wannan inganci, babu musu, amma kowane zare da ke shafar ƙafa birki ne. Shafar bayan ƙafa ta fi shafar sanda riƙewa, domin gogayyar tana nesa da tsakiyar juyi. Ko da shafar sanda kawai, kan jirgin da a da yake hawan gangaren da taragu shida ba wahala ya koma yana sulɓi a tsakiyar hawa. Wannan ce matsala ta huɗu. Zaren da aka yi amfani da shi tagullar fosfo ce mai kaurin milimita 0.3, gajere, an lanƙwasa shi da ƙarfi. Taurin irin wannan zare yana ƙaruwa sau 16 idan aka ninka kaurinsa, shi ya sa na 0.2 taurinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na mai 0.3. Tsawo ma yana da tasiri babba: a ninka tsawon, taurin ya ragu sau takwas. An koma na 0.2, aka ɗan tsawaita shi, aka lanƙwasa daidai yadda zai taɓa sanda ba tare da ya danna ta ba. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗora tarago a kan gangaren a sake shi. Idan ya gangara da kansa, matsin ya yi daidai. Idan ya tsaya, a sassauta.

Wayar da ke tashi daga bogi zuwa cikin tarago ita ma an canja ta. Ta farko mai zare ɗaya ce, tauri gare ta, tana hana bogi juyawa a kwana mai tsanani, milimita 360 daga tsakiyar da'irarta, har tarago na uku yakan sauka daga layi a wuri ɗaya kullum. An sa mai zaruruwa da yawa, siririya ƙwarai, kusan murabba'in milimita 0.05, aka fitar da ita ta rami kusa da ƙusar da bogi ke juyawa a kai, inda motsi ya fi ƙanƙanta, aka bar mata ɗan lanƙwasa na sarari.

Ƙafafun tarago mai ɗaukar wuta suna saurin yin baƙin datti fiye da na sauran, saboda ƙananan tartsatsi. Rage jan wuta ya rage wannan sosai. Ana goge su da ƙyalle da aka jiƙa da barasar isofrofil, a shimfiɗa ƙyallen a kan dogo a tura tarago gaba da baya.

Saiti

Duk dikoda sabo da lamba 3 yake zuwa, wato lambar da ake kiransa da ita, kuma mai shimfiɗar ya kasa canja ta. Duk lokacin da ya ɗora tarago a kan layin saiti, ɗan guntun layi na daban da ake saita dikoda a kansa, na'urar umarni sai ta ce ba ta ga dikoda ba. Dalilin yana cikin ma'aunin kansa. A layin saiti dikoda ba ya mayar da magana, amsarsa ita ce ya ja ƙarin wuta na aƙalla miliamfiya 60 na tsawon kimanin milisakan 6, na'urar ta ji wannan ɗan bugun ta san an ce e. Dikodan kan jirgi yana yin haka da motarsa. Na fitilu ba shi da mota, ƙofofinsa yake buɗewa, kuma tsiri mai jan miliamfiya 5 ba zai isa ba. Kafasito ma yana ɓata lamarin, domin ko an sami kayan da za su ja wutar, daga ajiyarsa za a ɗebe ta, dogo ba zai ji ba.

An cire ƙafa ɗaya ta kafasito, aka maƙala rasisto mai om 150 na wucin gadi tsakanin shuɗiyar waya da fara. Wannan yana jan kusan miliamfiya 90, sama da 60 ɗin da ake nema, ƙasa da 100 ɗin da ƙofa ke ɗauka. Karatu ya yi aiki nan take. Abin lura, sau da yawa rubutun yana shiga ko da na'urar ta nuna kuskure, karantawa ce kawai ke buƙatar amsa. Biyu daga cikin dikodojin an same su da lambobi dabam-dabam da mai su ya rubuta a baya yana zaton ba su shiga ba. An mayar da su yadda suka fito daga masana'anta. A yawancin kamfanoni ana yin haka ta rubuta 8 a CV8 (CV su ne gidajen saiti masu lamba a cikin dikoda), amma ba duka ba, na Lenz 33 ake rubutawa, saboda haka takardar dikoda ce abin bi. Don gaba, an sa ƙaramin fulogi mai ƙafa biyu a wayar kafasito, a zare shi idan za a yi saiti.

Tambayar lamba tana da amsa biyu. Ana iya ba taragun lambar kan jirginsu, komai ya zama a shafi ɗaya na na'urar hannu. Amma kan jirgin mai sauti ne, maɓallansa na farko duk suna da aiki, kuma taragun ba kullum kai ɗaya ke jan su ba. Aka ba duka shidan lamba ɗaya tasu, 1201. Gajeriyar lamba, wadda ke zama a CV1, ba ta wuce 127, don haka wannan doguwa ce, ana raba ta gida biyu. A raba 1201 da 256, a sami 4, saura 177. CV17 ya zama 192 da 4, wato 196, CV18 kuma 177. Sannan a gaya wa dikoda ya yi amfani da doguwar ta CV29: 32 na doguwar lamba, da 2 na matakan gudu 28 ko 128, jimla 34. An bar 4 ɗin da ke ba shi izinin aiki da wutar analog, wato wutar da ba ta ɗauke da saƙon DCC, a kashe, domin dikodan da ke da wannan izini yakan rikice idan saƙo ya ɓaci na ɗan lokaci, ya kunna ko ya kashe fitilu da kansa.

Fitilun ciki a farko a farar waya suke. Fara da rawaya na maɓallin F0 na na'urar hannu ne, kuma suna bin alƙibla: fara a tafiyar gaba, rawaya a baya. Shi ya sa jirgin yakan yi duhu da zarar an juya alƙibla a na'urar hannu. Ana iya gyara wannan ba tare da taɓa dalma ba, a rubuta 1 a CV33 da CV34 duka, farar ta kama a kowace alƙibla. Tun da taragun a buɗe suke, an mayar da tsirin kan koriyar waya, F1, wadda CV35 mai ƙima 4 ke kula da ita tun daga masana'anta. Jajayen fitilun wutsiya biyu suka hau waya ta gaba, F2, a jere da juna da rasisto mai om 4700, kusan miliamfiya 2. Zaɓen ƙananan maɓallai yana da wata fa'ida: F0 zuwa F4 a saƙo ɗaya suke tafiya, na'urorin umarni suna maimaita shi a kai a kai, don haka taragon da aka ɗaga aka mayar yana samun umarninsa cikin hanzari. Manyan maɓallai ba kowace na'ura ke maimaita su ba.

Tun da lambar ɗaya ce, duk saitin da aka aika a kan babban layi yana shiga shidan lokaci guda. Ga daidaita haske wannan alheri ne. Idan ana son taɓa tarago ɗaya, sai a kai shi layin saiti shi kaɗai.

Bayan rage jan wutar, dikoda ɗaya tak zai iya ɗaukar fitilun jirgin duka, miliamfiya talatin da ɗoriya a ƙofa mai ɗaukar 100, idan aka sa maƙalai masu wuce wuta tsakanin taragu. Ga jirgin da ba a taɓa rabawa wannan ya fi arha, kuma ɗaukar wutarsa ta fi kyau tun da ƙafafun taragu da yawa za su taru a waya ɗaya. A nan ana raba taragun a tasha, kuma an riga an sayi dikodojin, sai aka bar su.

Zoben juyawa

Matsala ta biyar ba a cikin taragun take ba. Zoben juyawa yana da yanka a dogo biyu a kowane ƙarshensa, da na'urar da ke juya fuskar wutar yankin da zarar ƙafar ƙarfe ta haɗa yanka ɗaya. A da, kafin a sa fitilu, taragun ƙafafun roba gare su, kan jirgi ne kawai ke haɗa yanka, tsawonsa kuma bai kai santimita 25 ba. Yanzu jirgin duka ƙarfe ne a ƙasa: taragu shida milimita 1818, da kan jirgi ya haura mita 2, yankin kuma mita 1.5. Kan jirgi yana kan yankan fita yana neman fuska ɗaya, tarago na biyar yana kan yankan shiga yana neman akasinta. Na'urar ba za ta iya biya wa duka biyun ba, sai ta yi ta kaɗawa har busta ta yanke. Kuma tun da kowane tarago yana ɗaukar gefe ɗaya a bogi biyu, yana riƙe yankan a haɗe na tsawon santimita 20 da wani abu, ba na ƙiftawar ido ba. Babu saitin da ke gyara wannan. An liƙe tsohon yankan fita, aka yi sabo gaba, yankin ya zama mita 2.3.

Na'urorin gano jirgi a kan layi, masu aiki da jan wuta, yanzu suna ganin taragun ko da fitilu a kashe, domin dikoda yana cin 'yar wutarsa kullum. Alamar sashe ba ta komawa kore sai wutsiyar jirgi ta fita, abin da a da sai an manna rasisto a sanda ake samu.

Abu ɗaya ya rage bayan an rufe taragun. An ɗan rage hasken ta saitin dikoda, ido yana ganinsa lafiya, amma a bidiyon waya sai baƙaƙen layuka su riƙa gudu a tagogi, domin kyamara tana kama kunnawa da kashewar da ido ba ya kamawa. An mayar da saitin haske zuwa ƙarshensa, inda ƙofa ke zama a buɗe ba yankewa, aka cire rasisto mai om 1000 aka sa mai 2200. Tsirin ya koma jan kusan miliamfiya 2.6 a tarago, layukan suka ɓace, ajiyar kafasito kuma ta ƙara tsawo.